Yadda Ake Kafa Tashar Auna Iska a Ƙauye Domin Gyara Hasashen Hazo da Hayaƙi

Tun shigowar hunturu tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, daga malaman makarantun sakandare da ma'aikatan asibitocin karkara da ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu: ta yaya wanda ke zaune a wani ƙauye na Kura ko Auyo ko Gumel zai san tun yau cewa gobe iska za ta gurɓace, kuma me ya sa abin da manhajar waya take nunawa yakan saɓa da abin da ido yake gani a ƙofar gida? Amsar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ya sa na jero aikin daki-daki yadda ake bin sa.

Kafin a kashe ko sisi, a fahimci cewa abubuwa biyu ne suke gurɓata iskar karkararmu, kuma kowanne da hanyar gano shi. Akwai ƙurar hamada da take tasowa daga nesa, akwai kuma hayaƙin da muke tayarwa da hannunmu, na murhu da bambaron shinkafa da juji da injin ban ruwa. Manyan kwamfutocin Turai da Amurka masu kwaikwayon yanayi suna hango ƙurar nesa kwana biyu ko uku kafin ta iso, amma ba su da labarin an cinna wa bambaro wuta a bayan garinmu. Ƙaramar na'ura mai araha da za a rataya a makaranta tana jin hayaƙi sosai, amma kaɗan take ƙirgawa daga cikin ƙurar hamada. Idon mutum da littafin rajista su ne suke cike giɓin da ke tsakani, kuma duk matakan da ke tafe a kan haɗa waɗannan ukun suke.

1. Sanin abin da ake aunawa

Lambobi biyu za a riƙa cin karo da su. PM2.5 na nufin ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, wato sun fi silin gashin kai ƙanƙanta kusan sau talatin, kuma su ne suke kutsawa can cikin huhu. Hayaƙi kusan dukkansa a wannan rukuni yake. PM10 kuwa ya haɗa har da waɗanda suka kai maikiromita 10, kuma a nan ne mafi yawan nauyin ƙurar hunturu yake. Ana auna su duka da maikirogiram a cikin mita kubik ɗaya ta iska. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, matsakaicin yini guda bai kamata ya wuce 15 ba ga PM2.5, da 45 ga PM10. A rubuta waɗannan lambobi a shafin farko na littafin rajista.

2. Kayan aiki da kuɗinsu

Na'urar da hukumomi suke dogara da ita kuɗinta ya haura dala dubu goma, ga buƙatar tsayayyiyar wuta da ƙwararren mai kula, don haka ba ita muke magana a kai ba. Abin da ƙauye zai iya riƙewa shi ne ƙaramar na'ura mai aiki da hasken leza, irin PurpleAir ko AirGradient ta waje, waɗanda kuɗinsu yake kaiwa wajen dala 200 zuwa 300 kafin a sa kuɗin jigila da na kwastan. Wanda ya iya haɗa kayan lantarki zai iya sayen ƙwayar firikwensin kanta, kamar PMS5003 ko SPS30, a kan kuɗin da bai kai haka ba, ya haɗa ta da ƙaramin allon kwamfuta a cikin akwatin roba. Akwai kuma na'urorin AirQo da Jami'ar Makerere ta Uganda take ƙerawa domin yanayin Afirka, masu amfani da layin waya da hasken rana. Ban kawo farashi da naira ba saboda canji ba ya tsayawa wuri ɗaya. A lissafa da farashin ranar da za a saya.

Idan akwai hali a sayi biyu, ko kuma guda mai firikwensin biyu a cikinta. A kuma fifita wadda take da katin ajiya, domin sabis a ƙauye yakan ɗauke yini guda, kuma abin da bai shiga kati ba ya tafi ke nan.

Sai batun wuta. Na'urar tana cin wat ɗaya zuwa biyu, ƙaramar na'urar intanet ta MiFi tana cin biyu zuwa uku. A ɗauka jimlarsu wat huɗu ce, wato kusan wat-awa 100 a yini. Farantin sola mai wat 50, da kwantirola mai ramin USB, da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 40, za su riƙe aikin fiye da kwana biyu ko da rana ba ta fito sosai ba. Kada a rage girman batir don neman sauƙi, domin ranar da hazo ya fi kauri ita ce ranar da farantin ya fi kasa kawo wuta, kuma ita ce ranar da aka fi bukatar awon. Ba a bukatar inbata. Ragowar kayan su ne littafi mai kauri, da biro, da agogo, da ɗan keji na ƙarfe mai makulli wanda iska ke ratsawa ta ko'ina.

Gargaɗi: a yanke hukunci tun ranar farko cewa ba a cajin waya a jikin wannan batir, ko wayar wa ce. Tashoshi da yawa a nan suke mutuwa. Batirin MiFi kuma yakan kumbura idan ya daɗe a jone cikin zafi, don haka a riƙa duba shi.

3. Gwada na'urori gefe da gefe

Kafin a kai su inda za su zauna, a rataya su kusa da juna na tsawon mako biyu, a kwatanta matsakaicin kowace awa. Idan suna hawa tare suna sauka tare, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta da yawa, to lafiyarsu ƙalau. Idan ɗaya kullum tana nuna fiye da ɗayar da wani kaso tsayayye, a rubuta kason a riƙa gyarawa da shi. Idan kuwa ɗaya tana tsalle-tsalle ba dalili, a mayar da ita tun garanti bai ƙare ba. Yana da kyau a tuntuɓi sashen nazarin ƙasa ko na fiziks a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko za a dace da na'urar da ta fi inganci da za a jera tamu kusa da ita.

4. Zaɓen wuri

Wannan mataki ya fi sayen na'ura muhimmanci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Abin da ake so a auna shi ne iskar da jama'ar gari suke shaƙa gaba ɗaya, ba hayaƙin gida ɗaya ba. A rataya na'urar a tsayin mita biyu zuwa uku daga ƙasa, a ƙarƙashin inuwar rufi, inda iska take wucewa ba tare da katanga ta tare ta ba. A nisanta ta da murhu da tukubar mai tsire da teburin mai shayi da janareta da injin niƙa da wurin masu turara shinkafa da aƙalla taku talatin zuwa hamsin, haka kuma da hanyar da babura suke tayar da ƙura. Barandar makaranta ko ta asibitin sha-ka-tafi takan dace, muddin ba a ƙone shara a kusa. Bangon arewa ya fi samun inuwa a watannin hunturu domin rana tana karkata kudu, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta takan ɗan koma arewa a yankinmu, saboda haka rufi a samanta dole ne. Kada a manna ta da kwanon rufi kai tsaye, zafinsa a bazara yana gurɓata awo yana kuma rage mata kwana.

A nemi izinin dagaci ko mai unguwa kafin a ɗaura komai, a nuna masa na'urar a buɗe, a bayyana cewa ba ta ɗaukar hoto ba ta naɗar murya. A sa mai gadin makarantar cikin aikin tun farko. Daga nan a ɗauki lambobin wurin a taswirar waya a rubuta, domin da su za a riƙa ɗauko hasashe.

5. Kafa alamomin nisan gani

Tun da na'urar ba ta da ƙarfi a kan ƙura, ido ne zai auna ta, kuma wannan hanya ce da ma'aikatan yanayi a filayen jirgin sama suke amfani da ita har gobe. A tsaya a wuri ɗaya tsayayye mai buɗaɗɗen fili, a zaɓi abubuwa masu duhu waɗanda suka tsaya a gaban sararin sama: hasumiyar masallacin Juma'a, tankin ruwan gari, turken sabis na kamfanin waya, babbar kuka, ko wani dutse idan a wajen Dutse ko Birnin Kudu ake. Ana son alama a wajen mita 500, da kilomita 1, da 2, da 5, da 10 idan ƙasar ta ba da dama. A auna nisan kowacce da ma'aunin tazara na Google Maps, a zana su a takarda, a ba kowacce suna.

Sau uku za a duba a yini, ƙarfe bakwai na safe, da ƙarfe biyu na rana, da ƙarfe biyar da rabi na yamma, a rubuta alama mafi nisa da ake iya bambancewa. Dubawar ƙarfe biyu ita ce ginshiƙi. A wannan lokaci zafin rana ya riga ya watsa hayaƙin safe sama, saboda haka duk abin da ya rage yana tare gani ƙura ce. Idan da safe ba a hango tankin da ke kilomita biyu, amma bayan azahar har turken da ke kilomita goma ya fito tar, to hayaƙin gari ne ya yi aikin. Idan kuwa har azahar rana tana nan fara kamar faranti, ana kallonta ido ba ya zafi, hasumiyar ma sai da ƙyar, to baƙuwa ce daga hamada.

Gargaɗi: mutum ɗaya ko biyu ne za su riƙa dubawa, ba duk wanda ya samu sarari ba, kuma kada a canza wurin tsayawa. Wanda yake sa tabarau ya riƙa sawa kullum.

Domin kwatantawa, filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana fitar da rahoton yanayi da ake kira METAR, lambarsa DNKN, ana samunsa kyauta a intanet. Lamba mai gida huɗu da ke cikinsa ita ce nisan gani da mita, 9999 na nufin kilomita goma ko fiye, DU na nufin ƙura, HZ kuma hazo.

6. Littafin rajista

Kowace rana layi ɗaya, kuma a cike shi a ranar, ba a ƙarshen mako ba. A sa kwanan wata, da matsakaicin PM2.5 na yini daga na'ura, da nisan gani sau uku, da inda iska ta fito da ƙarfinta, sannan gida mai faɗi na abin da ya faru a gari. Wannan gida na ƙarshe shi ne abin da babu wata kwamfuta a duniya da take da shi: an fara ƙonon bambaro a fadama, mafarauta sun sa wa daji wuta a gabas, ana sharar gona, an yi biki an kwana ana girki, yau Alhamis motocin shanu na kasuwar Maigatari sun yi ta wucewa, ko Juma'a ce ta kasuwar Wudil. Duk ranar da na'ura ba ta yi aikin awa 18 cikin 24 ba, kada a fitar mata da matsakaici, a ja layi a rubuta dalili. Ƙirƙirar lamba don cike gurbi yana lalata duk lissafin da zai biyo baya.

7. Ɗauko babban hasashe

Tushen da ya fi sauƙin samu shi ne CAMS, shirin sa ido kan iska na Tarayyar Turai, wanda yake fitar da hasashen kwana biyar na duniya baki ɗaya sau biyu a rana. Manhajar Windy tana nuna shi a waya, da shafin PM2.5 da shafin ƙura daban. Cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona a Sifen, wadda take aiki a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana fitar da taswirar ƙura ta kwana uku domin arewacin Afirka. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, kuma tana fitar da hasashen kwana uku, tana ambaton jihohin da hazo zai rufe da nisan gani da ake zato. A saba da ukun, amma a zaɓi ɗaya a matsayin wanda za a riƙa gyarawa, kada a riƙa sauyawa.

Ya kamata a san iyakar wannan hasashe. CAMS yana yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 40 ne, kusan tazarar Kano zuwa Wudil, kuma lamba ɗaya yake bai wa duk abin da ke cikin gidan, birni da ƙauye da fadama. Hayaƙin gari ɗaya narkewa yake yi a cikin wannan faɗi. Ƙonon gona kuwa ta tauraron ɗan adam yake saninsa, taurarin kuma sau ƙalilan suke wucewa a yini, misali masu ɗauke da na'urar VIIRS mai hango wuta, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana da na dare, alhali mu da la'asar ko bayan magariba muka fi cinna wuta, kuma kafin tsakar dare ta mutu.

Kowace rana da ƙarfe shida na yamma a buɗe hasashen, a rubuta da biro abin da ya ce game da gobe, lambar PM2.5 da lambar ƙura da ƙarfin iskar dare, a kuma ɗauki hoton allon wayar. Gargaɗi biyu a nan. Na farko, kada a koma daga baya a kwafo abin da manhaja take nunawa game da jiya, domin an riga an sabunta shi da sababbin bayanai, ba shi ne ainihin hasashen ba. Na biyu, bayanan da ake saukewa daga na'ura ko daga shafukan hasashe sukan zo da agogon UTC, wanda agogon Najeriya yake gabansa da awa ɗaya, kuma wanda bai gyara ba zai ga hayaƙin magariba ya faɗo a lokacin da ba nasa ba.

Sai a leƙa gabas. Mafi yawan ƙurar hunturunmu daga kwarin Bodele take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki a arewacin Chadi, kusa da garin Faya, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi da hantsi. Tazarar ta haura kilomita 1,000, ƙurar kuma takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta iso mu. A shafin Worldview na hukumar NASA ana ganinta ƙarara, farin zare yana miƙewa kudu maso yamma daga arewa maso gabashin Tafkin Chadi. Wanda yake da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Diffa ko Gashuwa ko Nguru ya riƙa kiran sa da yamma ya tambaye shi yadda gari ya wuni. A ganina wannan kira na minti ɗaya ya fi taswirori da yawa amfani wajen sanin lokacin isowa, domin babban hasashe yakan gane ƙura na tafe amma ya yi kuskuren rabin yini.

8. Raba ranaku gida biyu

Bayan an tara kwana talatin, a bi littafin a sa wa kowace rana alama. Ranar da nisan gani na ƙarfe biyu ya gaza kilomita biyar, ranar ƙura ce. Sauran kuwa ranakun gida ne, waɗanda hayaƙi yake mulki a cikinsu. Daga nan kowane rukuni lissafinsa daban. Wanda ya cakuɗa su zai sami sakamako mai ruɗarwa, domin a ranakun gida na'ura takan nuna fiye da hasashe, a ranakun ƙura kuma takan nuna ƙasa da shi ƙwarai, sai kura-kuran biyu su cinye juna, mutum ya zaci komai daidai yake alhali ɓangarorin biyu duk a karkace suke.

9. Gyaran hasashe

A ranakun gida gyaran na ƙari ne. A ɗauki ranakun gida bakwai na baya-bayan nan, a fitar da matsakaicin abin da na'ura ta auna, da matsakaicin abin da hasashe ya faɗa, a cire ɗaya daga ɗaya. A ce misali na'ura ta ba da 62, hasashe ya ba da 38, bambancin 24 ke nan, kuma wannan shi ne kimanin hayaƙin garinmu da babbar kwamfuta ba ta gani. Idan yau da yamma hasashe ya ce gobe 30, sai mu rubuta 54. Kowace rana a zubar da mafi tsufa cikin bakwai ɗin a saka sabuwa, ta haka gyaran yake bin sauyin lokaci da kansa, ya hau idan an shiga ƙonon gona, ya sauka idan an gama.

Sannan a ɗora sanin gida a kai. Daren da sama take garau, sanyi ya sauka, iska kuma ta kwanta ƙasa da mita biyu a daƙiƙa, iskar da ke kusa da ƙasa takan yi sanyi ta yi nauyi ta kasa tashi, sai ta zama kamar an rufe tukunya da murfi, hayaƙin tuwon dare da na wutar jin ɗumi ya kwana a tsakanin gidaje har hantsi. Idan hasashe ya nuna irin wannan dare, kuma an san gobe ko yau ana ƙone bambaro ta gefen da iska take fitowa, a ɗaga hasashen mataki ɗaya cikin matakan gargaɗi uku da za a bayyana a lamba ta 11. A rubuta dalilin ɗagawar a littafi, domin a gane daga baya ko hukuncin ya yi daidai.

A ranakun ƙura kada a gyara hasashe da na'ura ko kaɗan. Iskar da ƙaramar fankarta take ja ba ta iya shigar da manyan ƙwayoyi yadda ya kamata, hasken ma ba ya ƙirga su daidai, kuma lambar PM10 da irin waɗannan na'urori suke nunawa kirdado ce kawai, ba awo ba. Abin yi shi ne a buɗe shafi a jera lambar ƙura da hasashe ya faɗa, kusa da ita nisan ganin da aka samu washegari da ƙarfe biyu. Bayan ranakun ƙura goma sha biyar ko ashirin za a fara ganin tsari, a san cewa idan lambar ta kai kaza tankin ruwa yakan ɓace, idan ta kai kaza har hasumiya takan ɓace. Wannan jadawali na garinku ne kaɗai, kada a ara daga wani gari, kada kuma a ba da aro.

10. Auna ingancin aikin

Ƙarshen kowane wata a zana gida huɗu: an yi gargaɗi kuma ya faru, an yi gargaɗi bai faru ba, ba a yi gargaɗi ba ya faru, ba a yi ba kuma bai faru ba. A cike shi sau uku, ɗaya domin babban hasashe yadda ya zo, ɗaya domin namu da muka gyara, ɗaya kuma domin hasashen malalaci, wato a ce kullum gobe kamar yau take. Wannan na uku yana da wuyar kayarwa fiye da yadda ake zato, domin hazo idan ya sauka yakan yi kwanaki. Idan namu bai fi shi ba, musamman wajen gane ranar farko ta shigowar hazo, to akwai gyara, kuma yawanci a mataki na 4 ko na 8 matsalar take. Gida na uku shi ne mafi muni, domin shi ne ranar da mai ciwon asma ya fita gona ba shiri.

11. Isar da saƙo ga jama'a

Jama'a ba maikirogiram suke bukata ba, matakai uku sun isa. Shawarata ita ce a yi amfani da lambobin riƙon ƙwarya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada: PM2.5 ƙasa da 37.5 tare da gani fiye da kilomita biyar, iska da sauƙi. Tsakanin 37.5 da 75, ko gani tsakanin kilomita ɗaya da biyar, masu rauni su kiyaye. Fiye da 75, ko gani ƙasa da kilomita ɗaya, kowa ya kiyaye. Da za a ɗauki 15 a matsayin iyaka, kusan kowace rana ta hunturu gargaɗi za a yi, kuma kafin mako biyu kowa ya daina saurare, duk da cewa 15 ɗin ita ce manufar da ake son kaiwa.

A fara da liman da malamin asibiti. A bayyana wa liman cewa wannan kirdado ne bisa alamu, irin wanda manomi yake yi idan ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ba da'awar sanin gaibu ba ce, kuma yakan yi daidai yakan kuskure. Saƙon ya zama gajere, na murya a WhatsApp domin waɗanda ba sa karatun boko, a kuma ba mai shela idan ranar ta kowa ya kiyaye ce. Ga misali: "Salamu alaikum. Bisa alamu, gobe Talata in Allah ya so hazo mai kauri zai sauka tun daga safe. Masu asma da ciwon zuciya da tsofaffi su rage fita, su ajiye maganinsu kusa. Iyaye mata a rufe jarirai, a yi girki a fili ba a cikin ɗaki ba. Muna roƙon masu niyyar ƙone bambaro su dakata zuwa jibi." Wanda dole ya fita, takunkumin N95 shi ne yake tare ƙananan ƙwayoyi; rawani da mayafi manyan kaɗai suke ragewa. A kuma riƙa tuna wa jama'a cewa watannin ƙura da zafi su ne lokacin sanƙarau, duk wanda ya ga zazzaɓi da sandarewar wuya ya garzaya asibiti.

12. Kulawa da sauyin lokaci

A share farantin sola kowace safiya a hunturu. Kowane mako a leƙa ramin da iska take shiga na'urar. Mu tamu ta taɓa shafe kwanaki tana nuna iska garau a tsakiyar lokacin ƙonon gona, muna ta murna, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa ya toshe ramin. Tun daga nan duk lambar da ta tsaya cak ko ta faɗi kusa da sifili ba dalili, tsani muke fara ɗaukowa kafin biro. A cire datti da burushi mai laushi, kada a zuba ruwa, kada a hura da baki. Firikwensin yana tsufa, ƙurar yankinmu kuma tana gaggauta tsufansa, don haka kowace shekara kafin Nuwamba a sake jera na'urorin gefe da gefe kamar a mataki na 3.

A bar na'urar a bayyane a taswirar kamfaninta ko a OpenAQ, shafin da yake tara awon iska na duniya kyauta, domin masu gina manyan tsare-tsaren hasashe da awon ƙasa suke gwada aikinsu, kuma tashoshi a yankin Sahel ƙalilan ne. A aika kwafin littafin ga jami'ar da aka tuntuɓa a ƙarshen kowane hunturu.

Gyaran da aka fitar a Disamba ba ya aiki a Mayu. Idan iska ta juya ta fara fitowa daga kudu maso yamma, a rufe shafin hunturu a buɗe sabo. A farkon damina ƙura takan zo ne a gaban hadari, jar guguwa mai rufe gari cikin mintuna, kuma babban hasashe ba ya kama irinta sosai, saboda haka gargaɗinta daga ido da kiran garuruwan gabas zai fito. Idan damina ta zauna, laima ta haura kashi 75 cikin ɗari, ƙwayoyin sukan sha ruwa su kumbura, na'ura ta riƙa nuna fiye da gaskiya, musamman da asuba. A sa wa waɗannan awowi alama a littafi, a cire su daga cikin lissafin kwana bakwai.